Kunne Ya Girmi Kyamara



Watannin baya 'yar ƙanwata ta zo gidana bayan la'asar, riƙe da wata takarda da ta cika da lissafi. Ungozoma ce, shekararta shida a ɗakin haihuwa, kuma abin da take gani a wurin aiki ya fara hana ta barci: matan da ake kawowa bayan sun kwana biyu suna naƙuda a gida, da waɗanda suka rasa jariri sannan suka koma da yoyon fitsari. Ta ce, "Kawu, shiri nake so in fara a intanet, irin wanda ake kira fodkas. Ga abin da aka ce in saya." Na karɓi takardar. Kyamara biyu da ƙafafunsu, fitilu uku, kujeru masu kyau, labule, ƙaramin janareta, da kuɗin yaron da zai riƙa tace hoton. Makirfo yana can ƙasa, shi ne na ƙarshe, kuma shi aka ware wa kuɗi mafi ƙanƙanta. Na tambaye ta wa take so ya ji shirin. Ta ce matan karkara da mazajensu. Na ce to zauna mu yi magana.

Maganar da muka yi da ita nake so in kawo muku yau, domin matasa da yawa suna tsaye a mararrabar da take tsaye. Kowa yana da abin faɗa, kowa yana da waya, kuma tambayar farko ita ce: da murya kaɗai zan fito, ko har da hoto?

Ga wanda bai saba da kalmar ba, fodkas shiri ne irin na rediyo, sai dai ba ya jiran ƙarfe kaza. Ana ajiye shi a intanet, ka sauke a wayarka, ka ji lokacin da ka ga dama, ka tsayar, ka koma baya. Wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley ne ya fara rubuta kalmar a jaridar Guardian ta Ingila a watan Fabrairun 2004. A 2005 kamfanin Apple ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye ƙofa a manhajarsa ta iTunes. A 2014 wata 'yar jarida a Amurka, Sarah Koenig, ta fito da shirin Serial, inda ta bi diddigin shari'ar wani kisan kai da aka yi a birnin Baltimore a 1999, mako bayan mako, da murya zalla. Miliyoyin mutane suka bi ta har ƙarshe ba tare da an nuna musu fuskar kowa ba. Asalin abin dai na kunne ne.

Amma yau in ka ce wa matashi fodkas, abin da zai zo masa a rai shi ne mutum biyu a kan kujera, kowa da ƙaton makirfo a gaban bakinsa, kyamara tana kai-komo tsakaninsu. Da dalili. A 2020 kamfanin Spotify ya ƙulla yarjejeniya da Joe Rogan, Ba'amurken da ke ɗaukar hirarsa ta sa'o'i uku a bidiyo, kan kuɗin da jaridu suka ce ya haura dala miliyan 100. A watan Fabrairun 2025 YouTube ya sanar da cewa masu kallon fodkas a dandalinsa sun wuce biliyan ɗaya a kowane wata. A nan gida ma haka iskar take kaɗawa. Shirin hira da Hadiza Gabon take gabatarwa a YouTube da Mahangar Zamani na BBC Hausa, duk da ido ake bin su, kuma guntayensu ne suke yawo a wayoyi washegari. A gefe guda jaridar Aminiya tana fitar da Najeriya a Yau da Daga Laraba don kunne. Kowanne ɓangare yana da mutanensa.

Bari in fara ba bidiyo haƙƙinsa, don ba ƙaramin haƙƙi ba ne. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ka jefa wa ɗan siyasa tambaya a kan kuɗin rijiyar da ba a haƙa ba, bakinsa zai ba ka amsa a tsare, amma yadda ya gyara zama, ya kalli gefe, ya taɓa hularsa, wannan kyamara ce kaɗai take kamawa. Akwai kuma ilimin da ba ya shiga sai an gani. Yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, yadda ake yanka wuyan riga, kamannin tsutsar da take cin ganyen masara, duk bayanin da za ka yi da baki minti goma, hoto zai gama shi a minti ɗaya. 'Yan uwanmu kurame kuwa shirin murya bai san da zamansu ba sam. Bidiyo ne yake ba su rubutu a ƙasa, ko mai fassara da hannu.

Sannan akwai maganar kasuwa, wadda ita ce ta fi jan matasa, kuma ban ga laifinsu ba. Mutanenmu ba su saba buɗe manhajar fodkas su nemi shiri ba. Suna Facebook, suna TikTok, suna YouTube. A can, na'urar dandalin da kanta take ɗauko shirinka ta ajiye a gaban wanda bai taɓa jin sunanka ba. Shirin murya kuwa kamar shago ne a lungu, sai wanda aka yi wa kwatance. Kuɗin ma a can yake da hanya bayyananniya: idan ka tara mabiya 1,000 kuma aka kalli shirye-shiryenka na sa'o'i 4,000 cikin shekara guda, YouTube zai fara raba kuɗin talla da kai, ya ba ka kashi 55 cikin ɗari. Mai shirin murya shi zai fita da ƙafarsa neman mai ɗaukar nauyi, kuma in ya je wurin ɗan kasuwar Kantin Kwari, abin da zai fara ji shi ne, "To ta yaya za a ga atamfar?"

Akwai ma wani sabon dalili da ba mu da shi a da. Yanzu ana iya ɗaukar muryar mutum a ba na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. A watan Oktoban 2023 BBC ta bankaɗo wasu sautuka da suka riƙa yawo a TikTok da sunan tsohon shugaban Sudan Umar al-Bashir, ana tsakiyar yaƙi, alhali muryar kwaikwaya ce. Ana iya yin jabun bidiyo ma, amma ya fi wuya, kuma hira ta awa guda da fuskar mutum a fili tana da nauyin shaida da sauti kaɗai ya fara rasawa. Wannan ya kamata ya dami duk wanda yake sana'a da murya.

To duk da haka, abin da na gaya wa 'yar ƙanwata shi ne ta ajiye lissafin kyamara tukuna.

Na ce ta fara tunanin wanda zai saurara. Akwai wani tela a bakin layinmu da nake kai wa ɗinki. Wayarsa kullum tana jingine da gwangwanin allura a kan keken, fuskarta a tsage, an ɗaure bayanta da roba. Tun safe har magariba tana magana: tafsiri, labarai, karatun littafin Hausa, wani lokaci hirar 'yan ƙwallo. Ban taɓa ganin ya ɗaga ido ya kalle ta ba, don idonsa yana kan allura, ƙafarsa tana kan feda. Irin wannan mutumin su ne mafi yawanmu. Direban da ya taso daga Kano zuwa Maiduguri, matar da take tuƙa tuwo, manomi a bakin kunya, mai gadi da tsakar dare, makahon da rediyo ce jaridarsa. Hannu da ido suna wurin neman abinci, kunne ne kaɗai yake da sarari. Shirin bidiyo yana cewa ka bar abin da kake yi ka zo ka zauna. Shirin murya kuwa bin ka yake yi inda kake.

Sai batun data, wanda masu shirya shiri a ɗaki mai sanyi sukan manta da shi. Awa guda ta magana, in an matse sautin yadda ya kamata, ba ta kai megabait 30 ba. Awa guda ta bidiyo ko da mai matsakaicin kyau ne tana cin ninki goma na haka, in hoton ya fito tar kuwa ya wuce nan nesa. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Matar da mijinta yake saya mata data ta ɗari biyu ba za ta ƙone ta a shiri ɗaya ba, komai daɗinsa. Ga caji. Hasken fuskar waya shi ne yake shanye batir, kuma a YouTube in ba ka biya kuɗin wata-wata ba, da zarar ka kashe fuskar wayar ka sa a aljihu, shirin ya tsaya. Mu da muka ga yadda Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoban 2024, ana layi a wurin masu cajin waya, mun san darajar kowane ɗigon batir.

Kada kuma mu manta mu mutanen kunne ne tun asali. BBC ta fara magana da Hausa a 1957, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, kuma kafin wayar hannu ta zo, ƙaramar rediyo ce take rataye a kafaɗar makiyayi da ƙahon keken ɗan ƙauye. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ta Rediyon Kaduna ya shiga gidajen da bai taɓa takawa ba. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya rasu tun 2007, amma karatunsa ya tashi daga kaset ya koma memori, daga memori ya koma WhatsApp, har yau ana ji a shago da mota. Babu wanda zai koya wa Bahaushe zama da murya awa guda. Abin da ya canza kawai shi ne akwatin da muryar take fitowa.

Ta ɓangaren mai shirya shirin ma bambancin a fili yake. Da waya mai kyau, da ƙaramin makirfo, da ɗaki mai labule da katifa wanda sauti ba ya amsa-kuwwa a cikinsa, ka kashe fanka, ka jira maƙwabci ya kashe injinsa, ka gama. In baƙonka ya yi tuntuɓen harshe ko ya yi tari, ka yanke, babu wanda zai sani. A bidiyo kowane yanka yana nunawa, sai an sa kyamara ta biyu ta rufe. In baƙon yana Agadas ko zangon Kumasi, zai iya aiko maka da amsoshinsa ta saƙon murya ko da sabis ɗinsa yana rawa, alhali kiran bidiyo zai yi ta daskarewa. Na ga shirye-shirye da dama da aka fara da ɗoki da fitilu, aka yi fitowa huɗu ko biyar, kuɗin mai da na tacewa suka cinye su. Kuma kuɗin tallar da ake hange, wanda YouTube yake biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar wanda yake biya a kan mai kallo daga Amurka ba.

Amma duk waɗannan lissafin aljihu ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da kyamara take yi wa wanda aka zo ji daga bakinsa.

'Yar ƙanwata ba ta ɗauki shawarata nan take ba, kuma daidai ne, gara ta gwada da kanta. Ta ari kyamara wurin wani abokin aikinta, ta je gidan wata mata da ta taɓa jinya, wadda ta yi shekara huɗu da yoyon fitsari kafin a yi mata aiki ta warke. Matar ta riga ta amince za ta ba da labarinta. Suka gaisa, aka kawo ruwa, aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Da yaron da ya rako ta ya fara buɗe ƙafafun kyamarar, sai matar ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta yi shiru. Can ta ce, "'Yar nan, in da wannan abin ne ki yi haƙuri. Ina da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba." Aka mayar da kyamara cikin jaka, yaron ya fita waje. 'Yar ƙanwata ta ajiye wayarta a kan tabarma tsakaninsu, ta yi alkawarin ba za ta ambaci suna ko gari ba. Matar ta yi magana minti arba'in. Ta faɗi yadda aka ware mata kwano, yadda ta daina zuwa biki da suna, yadda take wanke zani da tsakar dare don kada a gani, da ranar da ta farka bayan aiki ta shafa shimfiɗarta ta ji ta a bushe. A wurin nan muryarta ta karye, ta yi shiru na ɗan lokaci, ana jin kaji suna tsattsaga a tsakar gida. Na saurari wannan shirun sau uku.

Ku tsaya ku lissafa mutanen da suke da labarin da ya kamata mu ji amma ba za su zauna gaban kyamara ba. Matar da take cikin kulle. Wadda ta tsere daga hannun masu garkuwa. Ma'aikacin da ya san inda kuɗin magani suka maƙale. Saurayin da ya daina shan ƙwaya yana neman aure. Dattijon da yake ganin zama ana ɗaukarsa hoto zubar da girma ne. Idan muka ce kowane shiri sai da fuska, mun rufe wa waɗannan ƙofa, mun bar fagen ga waɗanda suka saba da fitila: 'yan fim, mawaƙa, 'yan siyasa, da masu neman suna. Su ma suna da abin faɗa, amma ba su kaɗai ne al'umma ba.

Wanda ma ya yarda ya zauna, kyamara tana canza shi. Yana magana yana tunanin yadda hularsa ta zauna. Ya san za a yanko daƙiƙa talatin daga hirar awa guda a watsa, don haka ko dai ya riƙa tauna kowace kalma har maganar ta rasa ɗanɗano, ko kuma ya nemi kalmar da za ta tayar da ƙura. Mai gabatarwa shi ma ya san guntun da zai yi yawo shi ne inda aka yi kuka ko aka yi faɗa, sai ya riƙa tura baƙo can. Ga mata kuwa abin ya fi tsanani. Likita za ta yi bayani mai amfani a kan hawan jini ga mai ciki, ka duba abin da mutane suka rubuta a ƙasa, rabi a kan ɗaurin ɗankwalinta ne da kwalliyarta. Wannan yana ɓata mini rai matuƙa, kuma yana sa mata masu ilimi da yawa su ce a kai kasuwa.

Don haka ra'ayina, kuma na faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba, shi ne a gina shiri don kunne. A fara kashe kuɗi a kan makirfo, domin mutum zai jure hoto mai duhu amma ba zai jure sauti mai ƙara da amsa-kuwwa ba. A rubuta tambayoyi yadda wanda bai ga komai ba zai fahimta, kada a riƙa cewa "kamar yadda kuke gani". Idan abin da ake koyarwa na nunawa ne, ko baƙon mai riƙe da amanar jama'a ne da ya kamata a ga idonsa, a kunna kyamara. In ba haka ba, bidiyo ya zama ɗan aike: minti ɗaya ko biyu, mai shirin ya fito da fuskarsa ya ce ga abin da muka tattauna, ga inda za ku same shi. Fitowar nan da fuska tana kuma zama shaida cewa shirin nasa ne, a wannan zamani na muryar jabu. Cikakken sautin kuma a matse shi ya yi ƙanƙanta yadda zai wuce ta WhatsApp, a ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, a kai wa gidajen rediyo na kusa. Mun ga yadda aka rufe Twitter a Najeriya wata bakwai, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma wanda ya zuba duk kayansa a rumfar wani, ranar da aka rufe kasuwar ba shi da ta cewa.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar nan tana da nata ciwon. 'Yar ƙanwata ta fitar da hirar, ta yi ɗan gajeren bidiyo ita kaɗai da kayan aikinta tana bayanin abin da doguwar naƙuda take yi wa mafitsara. Bidiyon ya samu 'yan kallo daidai gwargwado. Sautin kuwa ba ta san adadin waɗanda suka ji shi ba, don abin da ya shiga WhatsApp ba ya ƙirguwa, kuma har yau ko sisi bai kawo mata ba. Bayan mako uku wata ƙawarta ta turo mata shi daga wani zauren mata na Maraɗi, an yanke farkon inda 'yar ƙanwar tawa ta faɗi nata sunan. Ta kira ni ranta a ɓace. Muna cikin maganar ta ce in dakata, wani kiran yana shigowa. Da ta dawo ta ce wani magidanci ne daga ƙauye, ya samu lambar da ta faɗa a ƙarshen shirin. Ya ce matarsa shekara biyu ke nan tana fama da irin abin da matar nan ta faɗa, shi bai san ana warkewa ba, yana tambaya ina zai kai ta kuma nawa zai tanada. Ta gaya masa asibitin da ya fi kusa da su da ranar da ake ganin masu wannan lalura.

Ranar Asabar mai zuwa za ta je ɗaukar hira ta biyu, da wata tsohuwar ungozomar gargajiya. Ta sayi makirfon, ta kuma ce wannan karon za ta faɗi sunan shirin a farko, a tsakiya, da ƙarshe.